Bangon da Aka Wanke a Inkil

A watan nan aka cika shekara takwas da rasuwar yayana, Dakta Kabiru, malamin fiziks a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan na Bauchi. Ban taɓa rubuta komai a kansa a jarida ba, bana ma na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ni ba dakta ba ne. Digiri ɗaya gare ni, shi ma a fiziks, kuma shi ya tura ni na karanta. Yanzu 'yan sakandare nake koyarwa. Saboda haka duk abin da zan faɗa game da aikinsa iyakar fahimtata ce, in na kauce masana su gyara min. Abin da ya sa na daure na rubuta shi ne, 'yarsa Jidda, wadda ya bari tana 'yar shekara tara, ta gama sakandare, ta kuma zo min da wata tambaya da na daɗe ina fargabar ranar da za a yi min ita.

Gidanmu na gado yana unguwar Ɗan Iya, a cikin gari. Mahaifinmu, Malam Idi, ɗan kasuwar yadi ne da ke karantar da littattafai a zaure bayan la'asar. Mahaifiyarmu, Inna, Bafulatana ce da aka auro daga ruga, har yau ƙannenta kiwo suke yi. Yaya Kabiru ya ba ni shekara goma sha biyu, don haka a wurina rabinsa wa ne, rabinsa uba. Da ya dawo daga karatunsa na ƙarshe, kowa ya zaci zai nemi gida a GRA kamar abokan aikinsa. Sai ya sayi fili a Inkil, can bakin gari, lokacin da ba komai a wurin sai gonakin masara da gidaje jefi-jefi. Da 'yan uwa suka tambaye shi dalili, ya ce a Ɗan Iya mai injin markaɗe ne ke yanke masa lokacin da zai fara tunani da lokacin da zai daina.

Fanninsa shi ne abin da ake kira kwantum, wato ilimin halayen abubuwan da suka fi kome ƙanƙanta a halitta, irin ƙwayar zarra da abin da ke cikinta. A wannan ƙaramar duniyar, abu ɗaya yana iya riƙe hali biyu a lokaci guda, kuma ƙwayoyi da yawa suna iya sarƙewa da juna har ya zama ba za a iya bayyana ɗaya ba sai an haɗa da sauran. Wannan sarƙaƙiyar ita ce amfaninsu, domin da ita ake fatan gina na'urar da za ta yi lissafin da kwamfutocinmu ba su iyawa. Matsalar ita ce ba ta daɗewa. Ɗan zafi, ɗan girgizar ƙasa, ɗan hasken da ya kutso, duk suna taɓa ƙwayoyin. Wannan taɓawar ita masana suke ce wa hayaniya, ko da kunne ba ya jin ta. Kafin ta shigo, tsarin tsantsa ne, an san duk abin da za a iya sani a kansa. Bayan ta shigo, sai ya fara komawa gauraye, har ya kai inda babu abin da za a tsinta a ciki.

Tambayar da Yaya ya ba rayuwarsa, in na fahimce shi daidai, ita ce wannan: in ka bar ƙwayoyin suna mu'amala da juna, sarƙaƙiyar tana ƙaruwa; amma a daidai wannan lokacin hayaniya tana cin tsantsar. Abin da ke sa tsarin ya yi amfani shi ne kuma ke buɗe wa ɓarna ƙofa. To tsawon wane lokaci ake da shi kafin ɓarnar ta yi rinjaye, kuma akwai dabarar tsawaita shi?

Ina aji biyu a jami'a ya fara yi min wannan bayani, na ce masa na gane. Ya dube ni ya ce in maimaita masa. Na kasa. Ya ce, "Kai dai ka iya gyaɗa kai, da a Turai kake da sun ba ka farfesa a kai." Bai sake ɗaga maganar ba sai da muka je gaishe da Kawu Bello, ƙanin Inna, a rugarsu. Muna tsaye da hantsi aka saki shanu. Ya ce in lura: sun fita tare, amma wata mai sauri ce, wata mai jan ƙafa, nan da nan sun warwatsu. Ya ce haka hayaniya ke yi wa ƙwayoyin. Sai ya tambaye ni, in a tsakiyar tafiya aka kira su gaba ɗaya, kowace ta juyo da irin saurin da ta tafi da shi, wa za ta riga isowa? Na yi lissafi a kaina, sannan na ce tare za su iso, domin wadda ta fi sauri ita ta fi nisa. Ya ce to haka ake yi a ɗakin gwaji, a juya ƙwayoyin a tsakiyar tafiya, ɓarnar farko ta goge ta baya. Kawu Bello da ke saurarenmu ya ce ai saniya ba ta dawowa yadda ta tafi, in ta ga ciyawa mai kyau a hanya sai ta tsaya. Yaya ya ce wannan tsayawar ita ce abin da ke hana shi barci, domin dabarar tana aiki ne kawai in hayaniyar ba ta canza hali a hanya ba. Kawu ya ce in dai a kan wannan gwamnati ke biyansa albashi, to shi ma a rubuta sunansa.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa wadda sai daga baya na ga illarta. A gidansa na Inkil akwai babban ɗaki mai ƙofa ta waje, ya sa aka shafa wa bango ɗaya baƙin fenti daga sama har ƙasa, a nan yake lissafi da alli. Ba ya sa komai a takarda ko a kwamfuta sai ya daɗe a bangon, yana wucewa yana hararensa, yana gogewa yana sakewa. Ya ce takarda tana sa mutum ya kamu da son kuskurensa, alli kuwa ba ya riƙe kowa. Ko hoto ba ya yarda a ɗauka. Wata rana na ciro waya zan ɗauka don in je in yi nazari a gida, ya ce in mayar da ita aljihu, ba a ɗaukar hoton tuwo yana kan wuta. Matarsa, Anti Maryam, takan yi masa tsiya ta ce ita dai ta auri mutumin da ke ba ta baya, domin in ta kawo abinci keyarsa kaɗai take gani. Shi kuma ya ce ta gode wa Allah, keyar ta fi fuskar kyau.

Ya rasu da safe, babu wata doguwar jinya. Jininsa ne ya hau, ya faɗi a tsakar gida yana shirin fita aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Mu maza muka shiga hidimar wanka da salla da maƙabarta. Mata kuma suka shiga gyaran gida domin masu ta'aziyya, kuma babu ɗakin da ya dace da zaman makoki irin wannan mai ƙofar waje.

Goggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, ita ta shiga ɗakin da farko. Ta ga bango cike da rubutu, ba boko ba, ba ajami ba. Akwai wata alama mai yatsu uku da ake yawan amfani da ita a fannin, ga kuma lambobi jere cikin gidaje-gidaje masu kusurwa huɗu, waɗanda duk wanda ya tashi a gidan malamai zai ce hatimi ne. An gaya min ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba za a shigo da mutanen gari su zauna a gaban wannan ba, gobe a ce ɗan Malam Idi ya cika yana tsubbu. Ta sa aka kawo ruwa da sabulu da tsumma. Amma da yake ba ta tabbata ba, ko akwai sunan Allah a ciki, sai ta hana ruwan ya zuba a ƙasa a taka. Ta sa aka tara shi a baho, aka kai gindin mangwaron bayan gida aka zuba, yadda ake yi wa ruwan allo. Anti Maryam tana ɗaki a lokacin, ba ta san inda kanta yake ba.

Na dawo daga maƙabarta da ƙasa a ƙafafuna, na shiga ɗakin, na tarar an shimfiɗa tabarmi, bangon yana ta ƙyalli da danshi. Na nemi wuri na zauna. Mutane suka yi ta riƙe hannuna suna ba ni haƙuri, ni kuma ina amsawa ina kallon bayan kawunansu. Goggo ta rayu shekara biyar bayan haka, ban taɓa gaya mata abin da aka wanke ba, kuma har yau ban ga laifinta ba. Mutuncin ɗan wanta take karewa da abin da ta sani.

Sai dai maganar ba ta tsaya a ɗakin ba. Ranar sadakar uku wani abokin aikinsa ya tambaya ina lissafin da ke bango, aka gaya masa, ya dafe kai. Daga wannan dafe kan labari ya fara girma. A shekarar farko ana cewa an wanke wani lissafi mai muhimmanci. Bayan 'yan shekaru ya zama lissafin da Turawa suka daɗe suna nema. A wani bikin suna na ji Alhaji Sabo, ɗan baffanmu, yana gaya wa baƙi cewa marigayin ya gano yadda za a ba gari wutar lantarki ba tare da waya ba, saura kaɗan a kira shi ƙasar waje Allah Ya karɓi abinsa. Kowa ya ce Allahu akbar. Mu nan ba a rage wa mamaci yabo a bainar jama'a, balle ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya miƙe ya ce a'a, abin bai kai haka ba. Wanda ya yi hakan, sunansa mai hassada. Jidda kuma tana nan tana girma a cikin waɗannan tarurruka, tana raba ruwa tana saurare.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ba a wata biyu ba ka ji a labarai cewa wani babban kamfani a waje ya yi nisa da na'urar kwantum ba, har ɗalibaina suna nuna min a waya suna tambaya ko za ta iya rubuta musu jarrabawa. Ina jin zai ji daɗi, amma na san abin da zai fara tambaya, domin tambayarsa ke nan ga kowane irin albishir: ta riƙe na tsawon wane lokaci? Ina kuma jin zai yi mamakin yadda aka ci gaba da dabarar raba saƙo ɗaya a kan ƙwayoyi masu yawa, ta yadda in hayaniya ta ɓata wasu, sauran za su nuna inda ɓarnar take a gyara. A zamaninsa wannan ya fi yawa a takarda. Yanzu, gwargwadon abin da nake karantawa, an fara ganinsa a ɗakunan gwaji, ko da yake da sauran tafiya. Inkil ɗin da ya gudo don shiru kuwa, gidaje sun cinye gonakin. Akwai mai walda a layinsu, akwai janareto a kusan kowane gida, kuma dab da katangarsa wani ya kafa injin markaɗe. Wannan ban san ko dariya zai yi ko kaya zai haɗa ba.

Akwai kuma abin da ya fi min nauyi. Ina bin abin da ake wallafawa a fannin, iya wanda zan iya buɗewa kyauta, iya wanda kaina zai ɗauka, kuma ba ya ɗaukar da yawa. A cikin shekarun nan na sha cin karo da wani zane da na sani: layi ya hau kamar tudu, ya kai ƙololuwa, ya gangaro. Shi ne zanen da ke tsakiyar bangon Yaya, sarƙaƙiya mai amfani tana hawa, hayaniya tana cim mata, tana sauko da ita. Ba na cewa wani ya ɗauki nasa, ba yadda za a yi su san da shi. Mutane ne masu yawa, da manyan na'urori, suka bi hanyar da shi kaɗai yake bi da alli, kuma da alama sun wuce inda ya tsaya. Ina iya yin kuskure a nan. Amma abin da na gani ke nan.

Bana da lokacin zaɓen fannin jami'a ya zo, Anti Maryam ta kira ni a waya ta ce in zo in yi wa 'yata magana. Jidda ta kafe sai fiziks. Uwar kuma tana so ta karanta harhaɗa magunguna, domin yarinyar ta fi ƙarfi a kimiyyar sinadarai, tun tana ƙarama ma abin da take cewa tana so ke nan. Ta ce ba fiziks ɗin take ƙi ba, dalilin ne ba ta yarda da shi ba. Jidda ta gaya mata cewa za ta karanta ne don ta ƙarasa aikin Abbanta, ta dawo da abin da aka wanke.

Na yi kwanaki ina jujjuya abin. In na bar ta da labarin da ta taso da shi, za ta ɗauki shekarun ƙuruciyarta ta zuba a neman abin da ban tabbata akwai shi ba. In na faɗa mata abin da na sani, zan rage mata uban da ba ta da shi sai a bakin mutane. Kuma a can ƙasan zuciyata ina so ta karanta fiziks ɗin, ina so a sake samun mai riƙe alli a gidan nan. Wannan son ne ya fi ba ni tsoro, domin na san zai iya lanƙwasa min harshe.

Na je ranar wata Asabar bayan la'asar. Ɗakin yanzu buhunan masara ake ajiyewa a ciki, amma Anti Maryam ba ta taɓa yarda a sake wa bangon fenti ba. Jidda ta shigo ta gaishe ni, ta zauna a kan buhu. Ba ta yi kewaye-kewaye ba.

"Baffa, kai kaɗai ka ga bangon nan kuma ka iya karatunsa. Me ke jiki?"

Na zo da alli a aljihu daga makaranta. Na zana mata tudun, na yi mata bayanin hawa da gangara, na ba ta labarin shanun Kawu Bello. Ta gane da sauri fiye da yadda na gane a lokacina. Na ce mata a ƙarƙashin zanen akwai layukan lissafi masu yawa, inda yake ƙoƙarin nuna cewa in aka jera ƙwayoyin ta wata hanya, tudun zai yi faɗi, gangarar ta yi jinkiri. Na ce layukan ba zan iya dawo da su ba. Na gwada sau da yawa, kuma duk lokacin da na gwada sai in rasa wanne na tuna, wanne na ƙirƙira. Sannan na gaya mata maganar ƙarshe da muka yi da shi a kan aikin, a makon da ya rasu. Yana tsaye a nan, ya nuna min wani layi a tsakiya da gindin alli, ya ce, "Nasiru, wannan layin bai kwanta min ba. Ko dai na gano wani ɗan abu, ko kuma na yar da alamar ɗebewa a hanya. Sai mako mai zuwa mu gani."

Ta ce, "To wanne ne?"

Na ce ban sani ba, shi ma bai sani ba.

Sai ta ce ai Baffa Sabo ya ce wutar lantarki ce ba waya. Na ce Baffanta Sabo ko ƙwan fitilar ɗakinsa ya mutu sai ya kira mai gyara. Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Na bar ta ta yi. Da ta lafa, na ƙarasa mata sauran, domin na ga in na tsaya a rabi ban yi mata adalci ba: ko da lissafin daidai ne, ƙaramin mataki ne a doguwar hanya, irin wanda masana ke karantawa su ce madalla su wuce; kuma a iya ganina, wasu sun riga sun taka wurin.

"Tun ina firamare nake ganin kamar an bar min aiki," ta ce. "In na ci jarrabawa sai a ce 'yar Dakta ce, ita za ta ƙarasa. Ban taɓa tambayar kaina ko ina so ba."

Na ce mata in tana son fiziks don kansa, zan tsaya mata har inda ƙarfina ya ƙare, tambayar da mahaifinta ya bi tana nan a buɗe, kuma tana da kyau. Amma bai bar mata aiki ba. Mutum ne da ya fita da niyyar dawowa ya duba layi ɗaya. Ta tambaye ni ko ni me nake so ta yi. Na ce kada ta tambaye ni wannan, domin amsata ba don ita za ta kasance ba.

Bayan mako biyu ta turo min saƙo ta ce ta zaɓi harhaɗa magunguna. Ta ce ta yi istihara, kuma tun ranar da muka yi magana take barci mai nauyi. Na yi mata addu'a da fatan alheri. Ba zan ɓoye ba, na zauna a ofishin malamai na daɗe ina kallon wayar, ina jin kamar an sake yi min ta'aziyya. Har yanzu wani lokaci nakan ce anya ban yi gaggawa ba, anya ba a samu masana da yawa da suka shiga ilimi ta ƙofar labarin da ba daidai ba, suka kuma yi abin kirki a ciki?

Me ya rage na Yaya Kabiru bayan shekara takwas? Akwai 'yan maƙalu da ya wallafa, waɗanda ba na jin mutum goma a garin nan sun karanta. Akwai ɗalibansa da ke koyarwa a makarantu daban-daban, wasu sukan tare ni a hanya su ce shi ne malamin da ya taɓa tsayawa a tsakiyar darasi ya ce abin da ya koya musu jiya kuskure ne, su goge. A fanninsa ana cewa hayaniya ba ta kashe bayani, warwatsa shi take yi a cikin abin da ke kewaye, ta yadda yana nan amma ba mai iya tattaro shi. Na sha jin sha'awar in ce haka mutum yake bayan mutuwa. Na san da yana nan zai ce in bar haɗa lissafi da ta'aziyya, kowanne da wurinsa, shi ya sa ba zan ja maganar ba. Abin da zan iya cewa ba tare da tsoro ba shi ne, mutumin da ake ba da labarinsa a bukukuwanmu ya fi yayana girma, amma yayana ya fi shi daɗin zama. Wancan bai taɓa kuskure ba, bai taɓa tsokanar kowa ba, bai taɓa ƙona shayi yana kallon bango ba. Ina so Jidda ta san na gaskiyar, ko da ya fi ƙanƙanta.

Makon jiya na koma Inkil na kai musu sabuwar gyaɗa. Da zan tafi, Anti Maryam ta rako ni har bakin ƙofa, abin da ba ta saba yi ba. Ta yi min godiya, ta ce na sauke wa yarinya kaya. Na ce ba komai, 'yata ce. Na juya zan tari keke, sai ta kira sunana.

"Nasiru, ni ma fa da labarin nan nake kwana. In an ce min mijinki da ya ƙara wata ɗaya da duniya ta san shi, sai in ji duk zaman da ya yi ya ba ni baya, ni da yara muna jiran ya juyo, bai tafi a banza ba. Ban san ina jingine da shi ba sai da ka cire."

Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu. Ta ce kada in ce komai, ta san ni, zan tsaya auna magana har magariba ta yi. Ta ce in gaishe da Inna, ta mayar da ƙofa.

Na tsaya a wurin har na ji takunta ya shige ciki. Allah Ya haskaka kabarin Yaya Kabiru, Ya gafarta wa Goggo Asabe, Ya sa albarka a karatun Jidda. Ita kuma Anti Maryam, Allah Ya mayar mata da abin da ya fi wanda na ɗauke mata.